Zazzaɓi kwana huɗu, yau kuma ƙuraje sun feso a fuska: ƙyanda ce ko zafi?

Maman Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu ilimin lafiya da ke nan. Yaro ne ɗan wata 14, nauyinsa kilo 9 a awon ƙarshe. Yau kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi mai zafi, ga busasshen tari, ga majina, idanunsa sun kaɗa sun yi ja suna hawaye, ba ya son haske. Da asubar yau sai ga ƙananan ƙuraje a bayan kunnuwa da goshi, kafin azahar sun sauko wuya. Ba su da ruwa a ciki, kuma ba ya sosawa sosai. Yana kama nono amma ya ƙi kunu. An yi masa allurai har ta mako 14, ta wata 9 ce ba a samu yi ba.

A gida an rabu biyu. Wasu sun ce ƙurajen zafi ne tunda ga yadda garin yake, a barbaɗa hoda kawai. Kakarsa kuma ta ce baƙon dauro ne, kada ruwa ya taɓa shi, a rufe shi a ɗaki ya yi gumi ƙurajen su fito duka, kada kuma a kai shi asibiti a yi masa allura su koma ciki. Don Allah yaya ake bambance su? Me ya kamata in yi yau? Kuma akwai yayarsa 'yar shekara 4 da wata jaririya 'yar wata 5 a gidan, me za a yi musu?

Malam Jami'in Lafiya:

Wa alaikumus salam Maman Sadiƙ, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya.

Ba a tabbatar da cuta ta rubutu, amma yadda kika jero abin ya yi kama da ƙyanda ƙwarai, kuma a kan sunan cutar kakarsa ce ta fi kusa da gaskiya. Ƙurajen zafi ba sa zuwa da zazzaɓin kwana huɗu, ba sa sa tari ko jan ido. Suna fitowa ne inda gumi ke taruwa: wuya, hammata, matsematsi, baya, yaro kuma yana wasansa yana cin abincinsa. Ita ƙyanda tana da tsarinta. Bayan kwana 10 zuwa 14 da kamuwa sai zazzaɓi ya fara tare da tari da majina da jan ido. A kwana na biyu ko na uku, in an haska cikin kumatu daidai da turamen haƙora, ana iya ganin 'yan fararen ɗige-ɗige kamar an watsa gishiri, sukan ɓace da wuri. Tsakanin kwana na uku da na biyar ƙurajen kan fara daga gefen gashin goshi da bayan kunne, su gangara ƙirji da baya, cikin kwana uku su kai ƙafafu. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba. Fito da shi hasken rana ki shafa da tafin hannu, za ki ji su kamar ƙananan tsaba.

A kai shi asibiti yau, ko da sha-ka-tafi ne na unguwa. Ƙyanda ƙwayar bairos ce, babu allurar da ke kashe ta, amma akwai abin da ake ba yaro da ke rage mutuwa da makanta, shi ne bitamin A. Cutar tana cinye bitamin A da ke jikin yaro cikin 'yan kwanaki, ko da mai ƙiba ne. A shekarunsa, tunda ya haura wata 12, jan ƙwanso ake ba shi mai ma'auni 200,000, guda yau, guda gobe. Ɗan wata 6 zuwa 11 shuɗin ƙwanso ne mai 100,000, wanda bai kai wata 6 ba kuma 50,000. In ido ya riga ya nuna alamar ƙarancinsa, ana ƙara na uku bayan mako 2 zuwa 4. Ana yanke bakin ƙwanson ne a matse man a bakin yaro. Kada ki je kemis ki sayo ki riƙa ba shi kullum, domin yawansa guba ne, yana sa amai da kumburin maɗiga. Da kin isa asibiti ki faɗa wa ma'aikacin farko da kika gani cewa ana zargin ƙyanda, don a zaunar da ku gefe, kada ku shiga cikin jarirai da masu ciki da ke layi.

Abin da ke kashe yaro a ƙyanda ba ƙurajen ba ne. Ciwon huhu ne kan gaba, sai gudawa da ƙarewar ruwan jiki, sai tamowa da ke biyo baya. Don haka numfashinsa za ki fi sa wa ido. Ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, ki ƙirga tashin cikinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. A wata 12 zuwa shekara 5, numfashi 40 ko fiye a minti ya yi sauri. Ɗan wata 2 zuwa 11 kuwa 50 ne, jariri ƙasa da wata 2 kuma 60. In kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lomawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa na buɗewa yana rufewa, ko kina jin wata ƙara mai kaushi daga maƙogwaro alhali yana kwance lafiya, to ba a jiran gari ya waye. Haka in ya kasa kama nono gaba ɗaya, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har da ƙyar ake tashinsa.

Sai ido. Ki riƙa duba baƙin idon sau biyu a rana. In ya dusashe kamar an shafa masa hayaƙi, ko wani farin tabo ya bayyana, ko ya rufe idanun ya ƙi buɗewa, wannan hanyar hakiya ce da makanta ta har abada, kuma kwana ɗaya na iya raba mai gani da makaho. Kwantsa kuwa a goge ta da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da nasa tsumman, daga wajen hanci zuwa wajen kunne. In akwai mugunya, asibiti za su ba da man ido na tetracycline su faɗi yadda za a sa. Kada a ɗiga ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko jiƙon ganye, kada a sa kwalli. Idon da ƙyanda ta raunana ba ya jure waɗannan. Maganin ɗigon ido mai sinadarin steroid ma haɗari ne babba, yana iya huda idon.

Maganar ƙuraje su koma ciki, a yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, domin abin da ta gani a zamaninta gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce. Ƙurajen kan kwanta da kansu bayan kwana 5 zuwa 6, su bar duhu-duhu, fata ta yi saɓa kamar dusa. To daidai wannan lokacin ne ciwon huhu kan taso wa yaron da cutar ta ci ƙarfinsa, sai a ga ƙuraje sun ɓace yaro kuma ya rikice, a ce sun koma ciki. Ba wanka ne ya jawo ba, ba kuma allura ba. Ƙa'idar da za ki riƙe ita ce: zazzaɓi ya kamata ya fara sauka kwana 3 zuwa 4 bayan fitowar ƙuraje. In ya ƙi sauka, ko ya sauka ya dawo, wani ciwon ne ya hau kai, a koma asibiti.

Maman Sadiƙ:

Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga yanzu, 36 ne a minti, ƙirjin kuma ba ya lomawa. Babansa na dawowa za mu tafi. Amma ina so in fahimci maganar wanka da abinci sosai, don in samu abin da zan faɗa wa Hajiya. Sannan farasitamol ɗin da ke hannuna, cokali nawa zan ba shi? Wata maƙwabciya ta kawo mini Septrin da wani man shafawa mai haɗi uku, ta ce yana kwantar da ƙuraje.

Anti Nas:

Sannu Maman Sadiƙ, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ajiye Septrin ɗin da man shafawar nan tukuna, zan zo kansu.

Farasitamol da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, ba kuma da cokalin cin abinci ba, tunda cokulan gida wani ya ninka wani. Lissafin shi ne miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 9 zai sha tsakanin 90 da 135. Duba jikin kwalbar: in an rubuta 120 a cikin mililita 5, to mililita 5 ne awonsa, da murfin awo ko sirinjin da aka cire wa allura. Tsakanin sha da sha awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Inda ake yawan kuskure wuri biyu ne. Akwai na ɗigo na jarirai, mai 100 a cikin mililita 1 tak, wanda ya fi na kwalba ƙarfi sau huɗu, in aka zuba masa mililita 5 na wannan an ba shi miligiram 500. Na biyu, magungunan mura da na haƙori da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, uwa ta ba da wannan ta ba da wancan, hanta ce ke ɗaukar nauyin. Asfirin kuwa da duk wani garin ciwon kai da ke ɗauke da shi, kada ya kusanci yaro mai zazzaɓi da ƙuraje, yana iya jawo wani mugun ciwo da ke kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta. Kuma manufar farasitamol yaro ya ji daɗin jikinsa ya samu ya sha nono. In yana barci lafiya ba sai an tashe shi don lokaci ya yi ba.

Wanka a yi masa kullum, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a tsane jikin da tawul ba tare da gurzawa ba. Fatar da aka bari kwana bakwai cikin gumi da ƙura ita ce ke yin gyambo da maruru bayan ƙyanda. Ruwan sanyi ƙarara ko na ƙanƙara ba shi da amfani, yana sa rawar ɗari, jiki ya ƙara ɗaukar zafi daga ciki. Riga ɗaya marar nauyi ta isa, a buɗe taga iska ta ratsa, a rage hasken ɗakin da labule tunda idonsa ba ya so. Rufe shi da bargo a ɗaki a wannan zafin ƙarar da ruwan jikinsa kawai zai yi. Hayaƙin turaren wuta da na girki ma a nisanta shi da su saboda tarin.

Abinci shi ne wurin da na fi so ki tsaya da ƙarfi. Babu abincin da ƙyanda ta hana. Hana yaro ƙwai da nama da mai a wannan lokacin shi ke sa bayan wata ɗaya a ga ya rame ƙafafu sun kumbura. Nono a ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. Kunu kuma ko ya ƙi, a riƙa gwadawa kaɗan-kaɗan, cokali uku huɗu duk bayan awa biyu, mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko madara ko ɗan manja, ba tsararo ba. Dafaffen ƙwai da aka murƙushe, hanta, kabewa, miyar zogale, gwanda ko nunannen mangwaro, duk suna da bitamin A. Sau da yawa ƙin cin abincin daga baki ne, ki buɗe ki duba. In akwai gyambo a leɓe ko dasashi, a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, a tsoma a ruwan gishiri kaɗan a goge a hankali sau biyu ko uku a rana, asibiti kuma su duba ko za su ba da shuɗin maganin nan na shafawa da aka sirka. Gyambon dasashi mai wari a bakin yaron da ya rame bayan ƙyanda ba abin jira ba ne, ta nan cutar noma mai cinye kumatu ke farawa. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu aƙalla, a kai shi awo.

In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu masu rabin lita, amma ki karanta jikin ƙunshin don akwai na rabin lita. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Wanda ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Tare da shi ƙwayar zinc mai miligiram 20, guda a rana har kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya. Ki lura da fitsari: yaron da ya yi awa 6 zuwa 8 bai jiƙa ƙunzugu ba, ga baki a bushe, ido ya faɗa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Man shafawa mai haɗi uku akwai steroid mai ƙarfi a ciki. Ba ya yi wa ƙyanda komai, yana sirantar da fatar yaro, jiki kuma ya tsotse shi. Septrin ma ba ya taɓa bairos, kuma yana cikin magungunan da su kansu ke haddasa ƙuraje masu haɗari. In likita ya ji ƙirji ko ya leƙa kunne ya ga ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi zai zaɓa ya auna.

Abu ɗaya da kada ki bari a manta a asibiti: gwajin zazzaɓin cizon sauro. Shi ba ya sa ƙuraje, amma ba abin da ke hana yaro ɗaukar biyun lokaci guda.

Baban Ummi:

Allah ya ba shi lafiya. Malam da Anti sun gama da ƙyanda, ni zan ƙara don sauran iyayen da za su karanta, tunda ba duk zazzaɓi da ƙuraje ne baƙon dauro ba. Tambayoyi uku ke raba yawancinsu: wanne ya riga fitowa, a ina ƙurajen suka fara, kuma akwai ruwa a cikinsu ko babu.

Ƙarambau zazzaɓinsa bai cika zafi ba, ƙurajen kan zo tare da shi ko bayan kwana ɗaya, su fara a ƙirji da baya da cikin gashin kai. Kowane ƙurji yana farawa ƙarami, ya tara ruwa kamar ɗigon raɓa, ya fashe, ya yi ɓawo, sababbi kuma suna fitowa har kwana huɗu ko biyar, shi ya sa za ka ga iri uku a wuri ɗaya. Ƙaiƙayi ne babbar wahalarsa. A yanke farce, a yi wanka, a shafa ruwan kalamin. A nan ibuprofen ma a bar shi, ba asfirin kaɗai ba, don an danganta shi da mummunan ruɓewar fata a masu ƙarambau. In gefen wani ƙurji ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya dawo a kwana na huɗu, bakteriya ta shiga. Yana yaɗuwa tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje har sai duka sun bushe. Masu ciki da ba su taɓa yi ba, da jarirai sababbin haihuwa, da yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ne abin tsoro, nasu a kai ga likita ranar farko domin maganin acyclovir ya fi aiki in an fara cikin awa 24.

Ƙyandar biri kan rikita mutane da ƙarambau. Nata ƙurajen sun fi tauri da zurfi, sun fi ciwo a kan ƙaiƙayi, suna tafiya mataki ɗaya tare, sukan fito har tafin hannu da na ƙafa, kuma kaluluwa na tashi a wuya ko hammata ko matsematsi. Wannan a keɓe yaron a sanar da asibiti.

Akwai wani da ke kama yara 'yan wata 6 zuwa shekara 2: zazzaɓi mai tsanani kwana 3 zuwa 5 ba tari ba jan ido, ranar da zazzaɓin ya sauka sai ƙuraje su feso a ciki da baya, yaro kuma ya tashi yana wasa. Bambancinsa da ƙyanda ke nan, ita ƙyanda ƙurajenta na fitowa ne lokacin da zazzaɓi ke kan ganiyarsa. Wannan ba ya buƙatar komai, kwana biyu ya wuce. Sai mai sa gyambo a baki da ƙananan ƙuraje masu ruwa a tafin hannu da ƙafa da ɗuwawu, yana yawo a makarantun rainon yara, yana warkewa cikin kwana 7 zuwa 10, aikin iyaye kawai su tabbatar yaro na shan ruwa duk da ciwon bakin.

Wanda ba a bari ya warke da kansa shi ne mai zuwa da ciwon maƙogwaro a yaro ɗan makaranta, ba tari ba majina, fata ta yi kaushi kamar an shafa yashi, harshe ya yi jajir da tsiro-tsiro. Bakteriya ce, maganinta penicillin ko amoxicillin na cikakken kwana 10. Iyaye kan tsaya a kwana na uku da sun ga sauƙi, daga nan ne wasu yaran ke samun ciwon gaɓoɓi da lalacewar ƙofofin zuciya bayan makonni. Haka yaro ƙarami da zazzaɓinsa ya kai kwana 5 bai sauka ba, ga jan ido marar kwantsa, leɓe ya tsattsage, hannu da ƙafa sun kumbura, wannan likitan yara ya kamata ya gan shi, domin akwai ciwon da ke taɓa jijiyoyin zuciya mai wannan kama.

Malam Jami'in Lafiya:

Madalla Baban Ummi. Amma akwai biyu da suka fi duk waɗannan gaggawa, bai kamata zancen ya wuce ba a faɗe su ba.

Na farko tabon da ba ya ɓacewa in an danna. Ɗauki kofin gilashi, danna gefensa a kan ƙurajen ka duba ta ciki. Na ƙyanda da yawancin na bairos sukan dusashe a ƙarƙashin gilashin. In ka ga ɗige-ɗige kamar tsinin allura, ja mai duhu ko baƙi-baƙi, ko tabo kamar kwanciyar jini, kuma suna nan daram bayan an danna, jini ne ke tsiyaya ƙarƙashin fata. A yaro mai zazzaɓi wannan na iya zama ƙwayar sanƙarau ce ta shiga jini, kuma tana iya kashewa cikin yini ɗaya. A baƙar fata da wuya a gan su a ciki ko cinya, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido ta ƙasa da ganɗa. Kada a jira wuya ya sanƙare. Jarirai sau da yawa ba sa nuna sanƙarewar wuya, nasu maɗiga ce ke kumbura, da kuka mai tsini, da ƙin nono, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi. Mu a nan lokacinta sananne ne, daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, kusan Disamba zuwa Yuni, kuma annobar 1996 a Arewa da ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara ba su yi nisan da za a manta ba. Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar a 2024, in an zo yin ta a unguwa a fitar da yara.

Na biyu ƙurajen magani. Duk yaron da ya feso da ƙuraje, a tambaya me ya sha cikin mako uku ko huɗu da suka wuce. Septrin, Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina tunda akwai sinadarin sulfa a cikinsa, da magungunan farfaɗiya irin su phenobarbitone da carbamazepine, su ne aka fi sani. Yawanci ƙuraje ne masu sauƙi. Amma in leɓe ya fashe yana jini, ido ya yi ja ya manne, fata na ciwo tana tashi kamar ƙunar ruwan zafi, a tsayar da maganin nan take a tafi babban asibiti da kwalinsa a hannu, kuma a rubuta sunansa a katin yaron don kada a sake ba shi har abada. Borin jini da ya zo da kumburin leɓe ko fuska ko shaƙewar numfashi shi ma na minti ne, ba na awa ba.

Jijjiga kuma, tunda zazzaɓi mai zafi kan kawo ta tsakanin wata 6 da shekara 5: a kwantar da yaro a gefensa a ƙasa, a sassauta riga, a duba agogo. Ba cokali a baki, ba yatsa, ba ɗura ruwa ko rubutu ko manja, ba a kai ƙafarsa kusa da wuta. Ba ya haɗiye harshensa, abin da aka ɗura masa ne ke faɗawa huhu. In ta wuce minti 5 a ɗauke shi a haka a tafi, in ma ta tsaya da wuri a kai shi a duba a ranar. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jiki digiri 38 kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti, da ƙuraje ko babu.

Anti Nas:

Saura tambayarki ta ƙarshe, Maman Sadiƙ, ta sauran yaran gidan.

Ƙyanda na yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu, ta iska, kuma ƙwayar na iya zama a ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita. Cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da mai ita, kusan tara kan kamu. Ke nan yaran gidan sun riga sun shaƙa, amma duk da haka a raba musu ɗaki daga yau, kada kuma 'yan dubiya su zo da goyo.

Ki tafi da yayarsa da katinta. In an yi mata ta wata 9 da ta wata 15, hankali ya kwanta. In ɗaya ce ko babu, a yi mata yau. Allurar ta fi hana kamuwa in an yi ta cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar, wataƙila wannan lokacin ya wuce, amma yin ta ba ya cutarwa kuma zai kare ta nan gaba. Jaririyar 'yar wata 5 ita ce ta fi ban tsoro, ba ta kai lokacin allura ba, kuma garkuwar da ta samo daga uwarta ta fara raguwa. Uwarta ta ci gaba da ba ta nono zalla, a faɗa wa ma'aikatan asibiti cewa tana gidan, a kuma sa mata ido har kwana 21. Zazzaɓi ko tari ko jan ido ya bayyana, a kai ta ranar, kada a jira ƙuraje. In akwai mai ciki a gidan da ba ta da tabbacin ta taɓa yin ƙyanda ko an yi mata allura, ita ma ta je ta faɗa a wurin awo, ita ba a yi mata allurar da ciki.

Wataƙila asibiti su ɗibi jininsa su aika gwaji, su kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kada wannan ya tayar miki da hankali, ta haka ake gane ko cutar ta shigo unguwa a kawo allura. Shi kansa Sadiƙ, bayan ya warke a mayar da shi da katinsa, domin a ranar wata 9 ba allurar ƙyanda kaɗai ya rasa ba, har da ta shawara da ta sanƙarau, kuma har yanzu ana iya yi masa su. Wata biyu zuwa uku masu zuwa jikinsa zai fi saurin ɗaukar tari da gudawa da ciwon kunne, to duk wanda ya taso a kai shi da wuri, kuma a riƙa auna nauyinsa kowane wata.

Maman Sadiƙ:

Mun dawo. Sun ce ƙyanda ce, ƙirjinsa lafiya, gwajin cizon sauro bai nuna komai ba. An matsa masa jan ƙwanson, gobe da safe za mu koma na biyu, an kuma ba mu man ido. Yayarsa ashe ɗaya aka yi mata, an yi mata ta biyun yau. Hajiya ta yarda da wankan, da sharaɗin ita za ta sirka ruwan da hannunta. Yanzu zan dafa masa ƙwai in gwada ko zai karɓa. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.